Wayarka tana jin rauta, amma rauta tana jin wayarka?

Duk mai kula da Wi-Fi ɗin jama'a, a otal ne ko a makaranta ko a shagon cike fom ɗin jarrabawa, kai ko a gida mai yawan iyali, ya san wannan ƙorafin. Layukan sabis sun cika fal a fuskar waya, amma shafi ya ƙi buɗewa, kiran bidiyo sai tsinkewa yake yi, saƙon murya yana ta kewaye ya ƙi tafiya. Maganin da aka saba shi ma sananne ne: a kashe rauta a kunna, a ɗora laifi kan kamfanin da ke sayar da data, in abin ya ci tura a shiga kasuwa a sayo wata rautar mai eriya shida wadda mai shago ya rantse tana huda bango. Abin da ba a cika yi ba shi ne wanda ba ya cin ko sisi, wato a shiga shafin sarrafa rautar, a buɗe jerin na'urorin da ke haɗe da ita, a duba da wane ƙarfi take jin kowacce. Ina ganin wannan jerin ya fi layukan da ke kan waya faɗin gaskiya nesa ba kusa ba, kuma kuɗi masu yawa da ake zubarwa wajen gyaran Wi-Fi ana zubar da su ne don ba a leƙa shi ba.

A fara da layukan su kansu. Babu wata ƙa'ida ta duniya da ta ce layi uku na nufin kaza, layi huɗu na nufin kaza. Kowane kamfani ne ke yanke wa kansa inda zai sa iyaka tsakanin layi da layi, shi ya sa za a ajiye wayoyi biyu a kan tebur ɗaya, wannan ta nuna cikakken sabis, waccan ta nuna rabi. Kamfanin Apple ya taɓa tona wannan asiri da bakinsa. A watan Yulin 2010, bayan masu iPhone 4 sun yi ta kukan cewa sabis na faɗuwa idan sun riƙe wayar ta wani gefe, kamfanin ya fitar da wasiƙa yana cewa lissafin da yake bi wajen zana layukan kuskure ne, har yakan nuna layi huɗu a inda biyu ya kamata, kuma kuskuren yana nan tun iPhone ta farko. Sabis ɗin kira ake magana a lokacin, ba Wi-Fi ba, amma abin da ya fito fili ya shafi duka biyun: layukan zane ne da wani injiniya ya zaɓa, ba awo ba ne. Ko da ma a ce sahihin awo ne, akwai giɓin da ya fi wannan girma, domin abu ɗaya tak suke iya faɗa, shi ne yadda waya ke jin rauta.

Hulɗar Wi-Fi kuwa kai da kawo ce. Rauta tana sakin wata 'yar sanarwa kusan sau goma a kowane sakan, tana faɗin sunanta da abin da take iyawa, kuma daga ƙarfin irin saƙonnin da take aikowa ne waya ke zana layukanta. Amma kafin shafi ɗaya ya buɗe, dole waya ta aika buƙata, rauta ta ji. Bayan haka ma, a tsarin 802.11 da ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fara fitarwa a 1997, wanda shi ne ginshiƙin Wi-Fi har gobe, duk ƙunshin bayanan da aka aika wa wata na'ura sai ta mayar da amsar cewa ya iso. In amsar ba ta zo ba, mai aikawa ya ɗauka ya ɓata a hanya, sai ya sake aikawa. Ke nan ko mutum saukar da fim kawai yake yi, bai tura komai ba, wayarsa ba ta daina magana ba, kuma in rauta ba ta jin wannan maganar, saukarwar ta tsaya cik. To, ɓangarorin biyu ba ƙarfinsu ɗaya ba. Rauta tana jone da wuta, eriyarta a miƙe, tana maƙale a sama. Waya tana tattalin batir, eriyarta 'yar mitsitsiya ce a ɓoye cikin jiki, ga tafin hannu ya rufe ta, ko tana ƙasan aljihu. Kamar mai shela ne da lasifika a bakin kasuwa: wanda ke can ƙarshen rumfuna yana jin sa sarai, amma in ya ɗaga murya ya ba da amsa, mai shela ba zai ji ba. Layukan waya shaidar ƙarfin lasifikar suke bayarwa. Jerin da ke cikin rauta ne ke faɗin ko amsar tana isowa.

Wanda ya buɗe jerin karon farko zai tarar da lambobi masu alamar ɗebewa a gabansu, irin su -48, -63, -79, da haruffan dBm a gefe. Ba abin tsoro ba ne. Ma'aunin yana gwada ƙarfin da ya iso da miliwat ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na wat. Sifili daidai yake da miliwat ɗaya. -30 kashi ɗaya ne cikin dubu na miliwat ɗin, -60 kashi ɗaya cikin miliyan, -90 kashi ɗaya cikin biliyan. Saboda haka lambar da ta fi kusa da sifili ita ce mai ƙarfi, -50 ta fi -70. Ratar da ke tsakani ce ke yaudarar ido. Duk saukar maki 3, ƙarfin ya koma rabi. Duk saukar maki 10, ya koma kashi ɗaya cikin goma. Wayar da rauta ke ji a -75 ba ɗan rauni kaɗan ta yi a kan wadda ake ji a -55 ba, abin da ke isowa daga gare ta kashi ɗaya ne cikin ɗari na abin da ke isowa daga ɗayar. A fili fetal inda babu bango, duk sanda nisa ya ninka ana asarar maki 6, wato kashi uku cikin huɗu na ƙarfin. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi shakkar rantsuwar mai shago, tunda kafin a ninka nisan da Wi-Fi ke kaiwa a fili sai an ninka ƙarfi sau huɗu, kuma a ɓangarorin biyu.

Inda ake samun jerin ya danganta da na'urar. A rautar da ke aiki da Linux, umarnin iw dev wlan0 station dump yana zazzago kowace na'ura da lambarta ta MAC, wato lambar da ke bambanta ta da sauran na'urori, da ƙarfin ƙunshi na ƙarshe da aka ji daga gare ta, da matsakaicin ƙarfin, da gudun aikawa da na karɓa, da yawan ƙunshin da aka sake aikawa, da waɗanda suka gaza baki ɗaya, da tsawon lokacin da ta yi shiru. Manhajar OpenWrt, wadda ake ɗora wa rautoci iri-iri kyauta, tana nuna sigina da hayaniya da gudun kowace na'ura a shafinta. Na'urorin MikroTik na ƙasar Latbiya, waɗanda masu sayar da tikitin Wi-Fi suka sani ciki da bai, suna da teburin rajista da ake gani a manhajarsu ta Winbox, har da wani maki na kashi cikin ɗari mai suna CCQ da ke kimanta lafiyar haɗin. UniFi na kamfanin Ubiquiti shi ma yana jera su a manhajarsa. Ƙananan rautocin gida da yawa kuwa, da MiFi ɗin aljihu, suna da adireshi kawai suke nunawa. Ga mutum ɗaya a ɗaki ɗaya, wannan ba komai ba ne. Ga wanda zai raba wa mutum talatin, na'urar da ba ta faɗin abin da take ji bai kamata ta shiga lissafi ba, komai arharta.

A ƙaddara masauki ne mai ɗakuna goma sha biyu a jere, rauta tana maƙale a wurin karɓar baƙi. Jerin ya nuna kwamfutar mai karɓar baƙi a -42, gudunta a ƙololuwa, sake aikawa kusan babu. Wayoyin ɗakunan farko suna tsakanin -55 da -65. Sai ga wata waya a -81, gudun da rauta ke aika mata ya sauko zuwa megabit 6, lambar sake aikawa tana hawa ana kallo, duk sanda aka sabunta shafin ta ƙaru. Mai wannan wayar yana ɗaki na ƙarshe, bayan bangon bulo da yawa da ƙofar ƙarfe, kuma in aka tambaye shi zai ce yana ganin layi biyu ko uku. Ba ƙarya yake yi ba, rabin labarin ne kawai ke hannunsa. A cikin ƙa'idar 802.11 an rubuta mafi ƙarancin ƙarfin da dole na'ura ta iya fahimta a kowane gudu: -82 dBm ga megabit 6 a sakan, -65 dBm ga megabit 54. Na'urorin yanzu sun fi haka kaifin kunne, amma tsarin bai sauya ba. Gudu mai yawa sai da sigina mai tsabta, kuma da zarar ta yi rauni, na'urorin sukan sauko zuwa gudu na ƙasa da kansu, ba su sanar da kowa ba. Shi ya sa kamfanin Cisco ya daɗe yana ba masu kafa Wi-Fi domin kiran murya shawarar kada sigina ta gaza -67 dBm, kuma ta zarce hayaniya da maki 25. Hayaniyar nan ita ma tana da lissafi. A tasha mai faɗin megahaz 20, ɗumin yanayi kaɗai yana haifar da hayaniyar kusan -101 dBm, a aikace kuma akan same ta wajen -95 zuwa -90. Wayar ɗaki na ƙarshe ke nan ba ta ɗara hayaniya da fiye da maki goma da 'yan kai ba.

Da a ce wahalar ta tsaya kan mai ɗaki na ƙarshe shi kaɗai, da sai a ce ya matso kusa, magana ta ƙare. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Duk na'urorin da ke kan tasha ɗaya iska ɗaya suke rabawa, kuma a tsarin Wi-Fi na asali na'ura ɗaya ce ke magana a lokaci guda, sauran suna saurare har ta gama. Ƙunshi mai bayit 1,500 bit 12,000 ne. A gudun megabit 1, wanda shi ne mafi ƙanƙanta a zangon gigahaz 2.4, aika shi yana cin kashi 12 cikin dubu na sakan. A gudun megabit 54 kuwa, bai kai rubu'in kashi ɗaya cikin dubu ba. In aka ajiye ɗan jiran da ake yi tsakanin ƙunshi da ƙunshi, lokacin da mai rauni ke ci wajen aika ƙunshi ɗaya ya ishi mai ƙarfi ya aika hamsin da huɗu. Tsarin kuma damar magana yake rabawa daidai, ba lokaci ba. Kowa zai samu juyinsa, ba a tambayar tsawon da juyin zai ɗauka. A 2003 wasu masu bincike huɗu a birnin Grenoble na Faransa, Martin Heusse da abokan aikinsa, suka nuna da lissafi da gwaji cewa na'ura ɗaya mai gudun megabit 1 tana iya jawo waɗanda ke gudun megabit 11 su sauko ƙasa da megabit 1. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake cewa jerin rauta ba shi da madadi. Kwamfutar mai karɓar baƙi, da cikakkun layukanta da -42 ɗinta, tana jan ƙafa ne saboda wata waya da ba ta taɓa gani ba. Ko za a bi wayoyin masaukin ɗaya bayan ɗaya ana duba fuskarsu, ba za a ga sanadin ba, domin ba a cikin ko ɗaya daga cikinsu yake ba. A tsakiya kaɗai ake ganin sa, inda kowa ke kai magana.

Daga nan ne illar ƙara ƙarfin rauta ke bayyana. A ce rauta tana aikawa da 23 dBm, waya da 14. Asarar da sigina ke yi a hanya ɗaya ce ko ta ina ta taso, saboda haka a inda waya ke jin rauta a -70, rauta tana jin waya a -79. Maki 9 ne tsakani, ninki takwas. In aka ƙara wa rauta ƙarfi, lamba ta farko ce ke gyaruwa, ta biyu ko gezau. Abin da aka samu shi ne ƙarin wayoyi daga nesa sun ga sunan Wi-Fi ɗin, sun shigo, kowacce da rauninta, kowacce tana cin lokacin iska. Ga kuma wata matsalar da faɗin da'ira ke kawowa: wayoyi biyu da ke ƙarshen gini daban-daban duk suna jin rauta amma ba sa jin juna, sai kowacce ta ɗauka iska a sake take, su yi magana tare, ƙunshin biyu su lalace, a sake aikawa. A Turai doka ta taƙaita ƙarfin zangon gigahaz 2.4 zuwa miliwat 100, kuma da wannan iyaka ake baza Wi-Fi a filayen jiragen sama da jami'o'i, ta hanyar yawaita na'urori, ba ƙara musu murya ba. Abubuwan da ke gyara ɓangarorin biyu a lokaci ɗaya su ne eriya mai kyau, tunda yadda take tattara sigina wajen aikawa haka take tattarawa wajen ji, sai kuma mazauni. Fitar da rauta daga cikin kabad ko bayan talabijin, nesanta ta da tankin ruwa da firiji, kai ta tsakiyar baranda, jan kebul a kafa na'ura ta biyu a ƙarshen gini, duk waɗannan ana ganin sakamakonsu nan take a cikin jerin. Wannan ya fi muhimmanci a gine-ginenmu na bulo da siminti da rodi, da ƙofofin ƙarfe, da tsofaffin katangun ƙasa masu kauri, fiye da gidajen katako da siririn allo irin na Amurka. Zangon gigahaz 5, wanda ya fi gudu, ya fi kuma shan wahalar irin waɗannan bangaye.

Ko a ginin da aka kafa na'urori da yawa, jerin ne ke tona wata ɗabi'a ta wayoyi, wato naci. Waya ce ke yanke shawarar barin na'ura ta koma wata, ba rauta ba. Apple ya bayyana ƙa'idarsa a fili: iPhone ba ta fara neman wata na'urar sai sigina ta sauka ƙasa da -70 dBm, kwamfutar Mac sai -75, kuma ko an samu sabuwa, sai ta fi ta yanzu da maki 8 idan wayar tana cikin aika bayanai, ko maki 12 idan tana zaune, kafin iPhone ta ƙaura. A duba abin da wannan ke nufi in an cika wa na'urori ƙarfi. Malami ya bar ofis ya shiga aji, ga sabuwar na'ura a saman kansa, amma wayarsa har yanzu tana jin ta ofis a -68, don haka ba ta ga dalilin motsawa ba, alhali ta ofis tana jin ta da ƙyar. Rage ƙarfin na'urorin shi ne maganin, abin da mai shago ba zai taɓa ba da shawara ba, kuma wanda ba zai shiga hankalin kowa ba sai wanda ya ga lambobin.

Wani masanin zai ce lambobin nan su ma ba abin dogaro ba ne, kuma yana da hujja. Ƙa'idar 802.11 ta asali ta bar ma'aunin ƙarfin sigina, wato RSSI, a sake, lamba ce kawai tsakanin 0 da 255, kowane mai ƙera kayan cikin na'ura ya fassara ta yadda ya ga dama. Sai a gyaran 802.11k na 2008 aka kawo ma'aunin RCPI mai tsayayyar ma'ana, shi ma ya yarda da kuskuren maki 5 sama ko ƙasa. Tsawon zangon gigahaz 2.4 kusan santimita 12 da rabi ne, saboda haka matsar da waya da taƙi ɗaya yana iya sauya lambar, haka juya baya, haka mutum ya gifta, tunda jikin ɗan Adam ruwa ne mafi yawansa kuma ruwa yana shanye wannan zango. Wayar da ta yi barci a aljihu ma, lambar da ke gabanta ta ƙunshi na ƙarshe ce da aka ji, wataƙila tun tana wani ɗakin. Duk wannan gaskiya ne, amma abin da yake koyarwa shi ne yadda za a karanta, ba a daina karantawa ba. Ba a yanke hukunci da lamba ɗaya ta sakan ɗaya. Matsakaici ake dubawa, na'urar tana cikin aiki, a kuma duba tsawon shirun da ta yi. Ba a gwada -66 na rautar wani kamfani da -69 na wani a ce an gano bambanci. Amma a cikin rauta ɗaya, kunne ɗaya ne ke jin kowa, kuskurensa ɗaya ne a kan kowa, don haka ratar maki 25 tsakanin waya da waya rata ce ta gaske. Wannan fa'ida ce da layukan wayoyi goma daga kamfanoni biyar ba za su taɓa bayarwa ba.

Sukar da ta fi wannan nauyi ita ce ƙarfin sigina ba shi ne gudu ba. Waya tana iya zama a -50 intanet ya ƙi tafiya, ko don maƙwabta sun cika tashar, tunda tashoshi uku ne kacal a zangon gigahaz 2.4 da ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, ko don hayaniyar Bluetooth da injin ɗumama abinci da ke aiki a zango ɗaya, ko kuma don layin da ke shigowa daga kamfani ne ya cushe. Ban musa ba. Sai dai jerin bai ƙunshi sigina kaɗai ba, kuma haɗa ginshiƙansa ne ke raba gardama. Sigina mai rauni da gudu na ƙasa, nisa ne ko bango. Sigina mai ƙarfi da sake aikawa mai yawa, cunkoso ne ko hayaniya, a sauya tasha. Sigina mai ƙarfi, gudu mai yawa, sake aikawa kaɗan, amma shafi ba ya buɗewa, to Wi-Fi ya wanke kansa, sai a juya kan kamfani da hujja a hannu. Wanke mara laifi ma aiki ne. Tun da Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan Adam, ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023, wuraren da a da layin shigowa ne ke shaƙe su sun samu faɗi, kuma a irin waɗannan wuraren wuyan kwalbar ya koma 'yan mitocin ƙarshe tsakanin rauta da ɗaki. Mutum ya biya kuɗin sigina daga sararin samaniya, ta iso lafiya, ƙofar ƙarfe ta tare ta, shi kuma yana ƙorafin tauraron ɗan Adam.

Akwai masu cewa na'urorin zamani sun ɗauke wa mutum wannan aikin. Lallai an ci gaba. Aikin Toke Høiland-Jørgensen na jami'ar Karlstad a Suwidin da abokansa, wanda suka wallafa a 2017, ya sa Linux ya iya raba lokacin iska maimakon raba juyi, kuma kamfanoni da yawa suna da irin wannan tsarin. Gyaran 802.11v na 2011 ya ba rauta damar ba waya shawarar ta koma wata na'urar. Amma shawara ce, waya tana iya ƙi, kuma ikon rauta a kan lokacin da tsohuwar waya ke ci wajen aiko nata ƙunshin kaɗan ne. Raba lokaci daidai yana kare masu ƙarfi daga mai rauni, bai ƙara wa mai raunin komai ba. Babu manhajar da za ta ɗauke rauta daga bayan firiji. Wasu na'urorin, irin su MikroTik da UniFi, suna ba da damar a sa iyaka, a ce duk wanda aka ji ƙasa da -75 ko -80 a sallame shi. Wannan yana da amfani in akwai wata na'urar kusa da wanda aka sallama zai koma. In babu, wayar za ta dawo, a sake korar ta, ta sake dawowa, mai ita yana ganin Wi-Fi yana ɗaukewa yana dawowa bai san dalili ba. A makaranta ko asibiti, sau da yawa mai tsohuwar waya mai raunin eriya shi ne mai ƙaramin ƙarfi, kuma ban ga adalci a korar sa don lambobin jerin su yi kyau ba. In ɗaki guda kullum yana -80, saƙon da jerin ke bayarwa shi ne ɗakin yana buƙatar na'ura.

Ba zan tsallake ɓangaren da ya fi damuna ba. Jerin da ke faɗin ƙarfin kowace waya yana faɗin kusan inda mai ita yake. Tun a 2000, Paramvir Bahl da Venkata Padmanabhan na sashen binciken Microsoft sun nuna cewa da ƙarfin siginar da na'urori uku ke ji ana iya gano mazaunin mutum a cikin gini da kuskuren mita biyu zuwa uku. A 2013 hukumar tsakiyar birnin Landan ta dakatar da wani kamfani da ya sa wa kwandunan shara na'urorin da ke tattara lambobin wayoyin masu wucewa, a 2016 kuma hukumar sufurin birnin ta yi gwajin mako huɗu a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa 54 tana bin zirga-zirgar fasinjoji ta Wi-Fi. Irin wannan ne ya sa Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020 suka fara ba kowane Wi-Fi lambar MAC ta bogi maimakon ta ainihi, abin da kan rikita mai kula da rauta in yana neman gane wace waya ce wacce. Amma a ƙaramin wuri ba a buƙatar lamba ta ainihi kafin a gane wa ke gida, wa ya fita, wa bai yi barci ba. Mai otal ko shugaban ɗakin kwanan ɗalibai da ke riƙe da wannan shafin amana ce a hannunsa, kuma a Najeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa masu tattara bayanan mutane nauyi. Gyaran Wi-Fi ba ya buƙatar sunan kowa, ba ya kuma buƙatar ajiye tarihin watanni. Ɗaki da lamba sun wadatar, kuma kalmar sirrin shafin ba ta kowane ma'aikaci ba ce.

Inda wannan ilimin ya fi biyan kuɗinsa shi ne ranar karɓar aiki daga hannun mai kafa Wi-Fi. Yadda aka saba, injiniya yana zagaya gini da tsakar rana ba kowa, ƙofofi a buɗe, da babbar wayarsa mai kaifin eriya, yana nuna wa mai wuri layuka sun cika, a sa hannu a biya shi. Gwajin da ya dace shi ne a lokacin da wurin ya fi cika, da wayar da ta fi kowacce rauni a cikin waɗanda za su yi amfani da shi, a ɗakin da ya fi nisa, ƙofa a rufe, ana cikin kiran bidiyo, mai wuri kuma yana tsaye a gaban shafin rauta yana kallon lambar wayar da ginshiƙin sake aikawa. In an rubuta a yarjejeniya tun farko cewa kowane ɗaki sai an ji shi a -67 ko sama da haka, ragowar kuɗin aikin sai ya jira har ɗaki na ƙarshe ya kai.